Manu Mai Jiran Kufai

A Matameye, shekarun da Nasara suka fara zama da gindinsu a ƙasar Damagaram, an yi wani manomi ana ce masa Manu. Kowane mutum da abin da ya ɗauke masa hankali a duniya, wani doki, wani manyan riguna, wani zuwa shari'a. Shi Manu taki ne nasa. In ya ga akuya ta tsaya a tsakiyar hanya ta zubar da kashi, sai ransa ya ɓaci kamar an kifar masa da akushin tuwo. Yakan tsuguna ya tattara, in ba abin zubawa ya cire hularsa. Mutane sun yi dariya har sun gaji, shi ko a jikinsa, domin a ganinsa duk garin ba wanda ya san ƙasa sai shi.

Gonarsa tana bakin ƙofar gabas, jifa ɗaya daga ganuwa. Gadon ubansa ce, uban ma gada ya yi, kuma akwai wani babban gawo a tsakiyarta wanda ba mai iya tuna dasa shi. Ita ce abincin gidansa, ba shi da wata. Amma ta gaji. Gero yana fitowa siriri, ƙuduji ya baibaye gindinsa da jan furensa, rumbun Manu kuwa yakan kai bazara da kyar.

Akwai wata doka tun zamanin hare-hare: bayan ganuwa gona ce, ba a gini. Dattawa suna cewa don kada mahara su sami wurin laɓewa, kuma don abincin gari ya zauna kusa da gari. Da rani an yarda baƙi, fatake da makiyaya, su kafa bukkar kara a gonar wanda ya sauke su. Amma ranar da ruwan farko ya sauka, dogaran mai gari biyu za su fito da sanduna, duk bukkar da suka tarar a tsaye su ture ta. Manu ya tsani dokar nan fiye da yadda ya tsani ƙuduji. Wata huɗu kacal, dabbobin baƙi sun fara sabawa da wuri, cikinsu ya fara sakewa, sai a zo a kore masa su. Kowace shekara sai ya bi dogaran nan da baƙar magana har bakin ƙofa.

Abin da yake mafarki shi ne kufai, wato wurin da mutane suka zauna shekara da shekaru suka tashi. Yana saurayi ya taɓa wucewa ta wani a hanyar Dawce, ƙauyen da mahara suka ƙone, ya ga geron da ya fito a wurin ya shanye tsawon mutum a kan raƙumi. Tun ranar hoton geron nan bai bar idonsa ba. Ya ba da labarinsa a wurin suna, ya ba da shi a wurin ta'aziyya, har matarsa Saratu ta haddace, tana iya ƙarasa masa in ya tsaya tari.

To, sai jirgin ƙasa ya iso Kano, gyaɗa ta yi daraja, fatake suka cika hanyar da ta ratsa Matameye. Gari ya matse, har zaurukan mutane suka zama masauki. Wata ranar kasuwa sanƙira ya hau tudu ya buga ganga.

"Kuna ji, mai gari yana gaishe ku. Ya ce Kumandan, Baturen mulki, ya ce yaƙi ya ƙare, ganuwa ta zama tsohuwar ƙasa. Daga yau duk mai son gini a bayanta ya yi, rani da damina, in dai mai gonar ya yarda."

Manoma suka sunkuyar da kai, kowa yana kallon ƙafarsa. Idrisa, maƙwabcin gonar Manu, mutum ne marar yawan magana, ya tafi ya ƙara ƙaya a kan iyakarsa. Manu kuwa ya kutsa cikin taro ya danƙa wa sanƙira goro biyu manya, a gaban kowa, yana washe baki.

Ya iso gida ya tarar da Saratu tana tankaɗe.

"Damina uku kawai," in ji shi, tun bai zauna ba. "Su zauna, su ci, su sha, dabbobinsu su yi abin da aka halicce su dominsa. Su tashi, in sa hauya. Kufai a bakin ƙofar gari, Saratu. Sai kin rasa inda za ki zuba hatsi."

Ta buga gefen rariya. "To Malam, wa zai tashe su?"

"Baƙo? Shekara nawa ina sauke baƙi a gonar nan, wanne ya taɓa kai damina?"

"Ai dogarai ke tashin su."

"Ke dai ba ki san ƙasa ba."

Wannan ita ce amsarsa duk lokacin da aka kai shi bango, kuma ba ta taɓa ƙare masa ba.

Kafin mako ya zagayo masu nema sun yi layi a ƙofar gidansa. Manu ba ya tambayar asalin mutum ko halinsa, yawan dabbobinsa yake tambaya. Na farko da ya samu shi ne Alhaji Abdulra'uf, falke daga Damagaram, wanda ya je Makka da ƙafa ya dawo bayan shekara bakwai. A lokacin nan ba kowane gari ke da Alhaji ba, mutane sai leƙen fuskarsa suke yi don neman albarka. Manu bai ma dubi fuskar ba, yana can bayan jakai ashirin da raƙuma huɗu yana gyaɗa kai. Sai Balki mai fura, dattijuwa mai awaki talatin da tsohuwar uwarta. Sai wani mahauci, sai mai kiwon zabi. Wani maɗinki ya zo da ladabinsa ya durƙusa, Manu ya tambaye shi abin da yake da shi, ya ce allura da almakashi.

"Da me za ka amfani ƙasa, da zare?" Manu ya sallame shi.

Aka yi magana a gindin gawo, aka raba goro. Idrisa da Malam Lawwali, mai karantar da manya a unguwar gabas, su ne shaidu. Rabin gona, aro, damina uku. Alhaji ya maimaita da bakinsa, ya shafa fatiha. Aka kafa danga, aka ɗaura zana, hayaƙi ya fara tashi a inda gero ya saba tashi.

Ba a taɓa ganin mai masauki kamar Manu ba. Da hantsi yana can yana zagayawa gida gida.

"Ina kwana, Alhaji? Yaya jakai? Cikinsu lafiya dai ko?"

Ya nuna wa mata inda za su zuba toka da inda za su watsa ruwan wanke-wanke. Ya roƙi Balki ta riƙa sauya wa awakinta turke kowace Juma'a, don kada wuri ɗaya ya ƙoshi wani ya kwana da yunwa. Harawar da ya tara wa awakin gidansa ya kwashe ya kai wa awakin mutane, na Saratu suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Da ta yi magana ya ce nata a cikin gari suke zubar da arziki, na Balki kuwa a gona.

Damina ta farko ta ƙara masa ƙarfin gwiwa. Layuka uku da suke jikin dangar baƙi suka fito baƙi ƙirin don ƙoshi, kara kamar damtse. Manu ya ja mutane daga kasuwa su zo su gani, har da waɗanda ba su tambaya ba. Sauran gonar kuwa awaki da kaji da zabi suka yi mata aski, domin dabba ba ta san aro ba. Da wani manomin ne, da ya kai ƙara. Manu ya tsaya ya yi tunani irin nasa, ya ga ai gara gonar ta ƙoshi gaba ɗaya a tashi ɗaya, sai ya ba da ɗaya rabin ma. Shi ya nemi aron wata jigawa can wajen Tsauni, wadda in ka fita bayan sallar asuba sai rana ta ɗaga sosai za ka isa, yashi fari fat, ko tumu ba ta iya cika masa hannu.

"Na ɗan lokaci ne," ya ce wa Saratu.

A rani na biyu Idrisa ya tsayar da shi a hanya. Sai da ya gama gaisuwa tsaf, ya tambayi iyali, sannan ya ce, "Manu, Alhaji fa tubali yake bugawa."

Manu ya yi dariya har da riƙe ciki. "Idrisa, shekarunka nawa kana noma? Ka taɓa ganin takin da ya kai tsohuwar katanga in ta faɗi? Jar ƙasa, da ciyawa, da kashin shanu, ya kwaɓa mini su da kuɗinsa ya jera mini a gona. Bar shi ya gina, ya ƙara tsayi ma."

Kuma don kada a ce da wasa yake, ya ba da jakinsa aka yi ta jidar ƙasa daga kududdufi. Da wasu suka ga Alhaji ya yi soro da azara, su ma suka tuɓe zana suka kama kwaɓa.

Sau ɗaya tak Manu ya ɗaga murya a shekarun nan uku, kuma ba a kan soro ba ne. Alhaji ne ya sa aka haƙa masa salga mai zurfin gaba uku. Manu ya ji labari ya taho a guje, rigarsa a hannu, ya tsaya a bakin ramin yana leƙawa kamar an binne masa ɗa.

"Alhaji, wane gero ne saiwarsa za ta kai can? Wannan ai ɓarna ce. Gidanka mutum goma sha biyar ne fa."

Alhaji ya ba shi haƙuri, ya ce bai yi wannan tunanin ba, ya miƙa masa goro. Manu ya kwana biyu ba ya gaishe shi. Gona tana tafiya a ƙarƙashin katanga yana taya ta tafiya, abin da ya tsaya faɗa a kai ke nan.

Da aka zo maganar rijiya shi ya fara sara, don ya lura in akwai ruwa garken waje ma za su riƙa tsayawa, kuma saniya ba ta shan ruwa ta tafi ba ta bar tukwici ba. Bayan rijiya sai Malam Lawwali ya zo masa da wata magana a hankali. Mutane sun yi yawa, shiga gari sau biyar a yini da wuya, ko zai yarda a jera duwatsu a gindin gawo a riƙa salla? Abin bai kwanta wa Manu ba, domin masallaci shi ne wuri ɗaya da ba ya ba da taki ko kaɗan. Amma wa zai buɗe baki ya hana? Ya yarda. Duwatsu suka zama danga, danga ta zama katanga, aka yi rufi. Ranar da aka fara salla a ciki Malam Lawwali ya ɗaga hannu ya roƙa wa Manu gida a Aljanna, jama'a suka amsa da ƙarfi, Manu ya dawo gida yana jin kansa a sama.

Saratu ta saurara har ya gama. "Alhamdu lillahi, can ka samu wuri. Nan fa?"

"Saura damina ɗaya," in ji shi.

Damina ta uku ta zo ta wuce, aka yi kaka, rani ya yi tsawonsa. Da bazara ta kama, gabas ta fara haɗa gira, Manu ya kai hauyarsa maƙera aka wasa ta. Ya zaɓi iri mafi kyau ya zuba a ƙwarya. Da safe ya fita ta ƙofar gabas, hauya a kafaɗa, yana tafiyar mai zuwa karɓar amarya.

Sai ya ɓata. A cikin gonar ubansa, inda ya san kowace kunya da tafin ƙafarsa, ya shiga wani lungu ya fito bayan rumfar mahauta, ya juya ya faɗa zauren wani marini. Waɗanda ya saukar sun saukar da 'yan'uwansu, 'yan'uwan sun saukar da surukai. Har maɗinkin nan da ya kora yana zaune a wata rumfa yana ɗinki, ya ɗaga kai ya gaishe shi da fara'a. Wata mata da tulu a kai, baƙuwar fuska, ta ga yana waige-waige.

"Baba, wa kake nema a Gonar Manu?"

Haka ake kiran unguwar. Ya nemi kan gawo ta saman soraye ya bi shi.

Alhaji Abdulra'uf ya tarbe shi da mutunci, ya shimfiɗa masa buzu, ya sa aka kawo fura. Manu ya ajiye hauya a tsakaninsu ya ce damina uku ta cika.

"Ban manta ba, Malam Manu," in ji Alhaji. "Damina uku muka ce, da bakina na faɗa. Gonarka ce, ko gaban alƙali haka zan ce. Ɗauki abinka."

Manu ya saki ajiyar zuciya. "To gidan fa, yaushe za a rushe?"

"Gidan ai nawa ne. Da jakinka aka ɗebo ƙasar, kai ne babban shaida. In ka san yadda za ka zare gonarka daga ƙarƙashinsa, bismilla, ni ba zan tsaya maka a hanya ba. Sha fura mana."

Ya je wurin Balki. Tana dama fura, ba ta ko tsaya ba. Uwarta ta rasu bara, kuma yadda aka saba a lokacin, a bayan ɗaki aka sa ta. Manu ma ya je jana'izar, ya tsaya a sahun gaba.

"Zo in nuna maka inda take kwance," in ji Balki, "sai ka fara sara daga nan."

Ya je masallaci ya sami Malam Lawwali, wanda shi ne shaidar maganar. Malam ya tabbatar masa da cewa gaskiyarsa ce, aro ne, kuma mayar da aro wajibi ne. Sannan ya dubi cikin masallacin, ya dubi hauyar, ya tambaya a hankali ko daga wurin tsayuwar liman zai fara shuka ko daga sahun baya.

Rana ba ta kai tsaka ba Manu yana gaban mai gari, ya zube.

"Ranka ya daɗe, a aika dogarai. Ruwa ya kusa sauka, baƙi sun ƙi tashi."

Mai gari tsoho ne, ya daɗe yana jiran wannan ranar, bai kuma ɓoye ba. "Da wace doka zan aika su, Manu? Wadda kake bin su da zagi a kanta kowace shekara? An ɗage ta. An ce mini ma ranar da aka ɗage ta kai ka ba sanƙira goro, biyu, manya." Dogaran nan biyu suna tsaye a bayansa, sun tsufa su ma, ɗaya ya juya fuska don kada a ga haƙoransa. "Wanda ya ɗage ta shi ke iya mayar da ita. Kumandan yana zuwa rangadi bayan bikin salla, ka jira shi."

Ruwan farko ya sauka Manu yana jira. Irin nan ya zauna a ƙwarya, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shigowa har ɗaki, kowa ya fita shuka. A lokacin ne abin ya kama shi sosai. Ya tuna ubansa yana riƙe da hannunsa yana nuna masa iyakar gonar, daga gamba zuwa gamba, ya ji baƙin cikin da bai ji irinsa ba tun ranar da aka binne tsohon. Saratu ta gan shi zaune ya tasa ƙwarya a gaba, ta ajiye masa ruwa ta wuce.

Kumandan ya iso a kan doki, da sojoji biyu da tafinta, fuskarsa ja kamar gauta. Aka kafa masa kujerar ninkewa a gindin gawon Manu, jikin masallaci. Manu ya fito ya faɗi ƙararsa, kuma da yake shi ne, sai da ya fara daga kufan hanyar Dawce, ya bi ta kashin jaki da na raƙumi, ya tsaya a kan salga ya daɗe. Kada wani ya ɗora wa tafinta laifi, bai rage ba bai ƙara ba, har salgar ya juya da Faransanci.

Kumandan ya saurara yana murza gashin baki, ya tashi ya zagaya unguwar, ya dawo fuskarsa cike da murna. Ya yi magana mai tsawo, tafinta ya juya.

"Ya ce ya zaga ƙasar nan kaf bai ga inda umarninsa ya yi kyau kamar nan ba. Ya ce sauran manoma sun toshe gonakinsu da ƙaya, kai kaɗai ka fahimci zamani. Ya ce a ƙasarsu mutum irinka ana sassaƙa sunansa a dutse."

"A gaya masa gonata nake so."

Aka gaya masa. Kumandan ya buɗe hannuwa.

"Ya ce gonar taka ce, ba wanda ya ƙwace ta, kuma duk wanda ya ce ba taka ba ce a kawo masa shi. Ranar da suka tashi ka shuka abinka."

"Yaushe za su tashi?"

"Ya ce ranar da suka ga dama. Dokar da ke tashin mutane ya ɗage ta, ba ya mayar da doka saboda mutum ɗaya."

Kafin ya hau doki ya sa aka ciro kan sukari guda daga cikin kayansa, a naɗe da shuɗiyar takarda, aka ba Manu a gaban jama'a, Alhaji ya ja kabbara. Sannan ya nuna da bulalarsa daga ƙofar gabas ya miƙe, ya ce lungunan nan sun yi wa jakai masu ɗaukar gyaɗa ƙunci, a fasa hanya mai faɗi ta tsakiyar unguwar ta nufi Kance. Kowane gida ya ba da mutum ɗaya na aikin dole. Gidan Manu namiji ɗaya ne, don haka da hauyar nan da aka wasa ya yi kwana tara yana daddaɓe tsakiyar gonarsa don ta yi tauri.

Taki kuwa, a nan maganar Manu ta cika har ta zuba. Jujin unguwar ya yi tudu, baƙi, mai laushi, yana tururi da safe. Ya yi yawa har mata suka fara ƙorafin ƙuda. Alhaji ya kira Manu ya ce tunda shi ne ya san darajarsa, ya kwashe duka, kyauta, ba sai ya gode ba. Manu ya ɗaura wa jakinsa mangala. Jigawar Tsauni ta yi nisa, jaki sawu ɗaya yake yi a yini, yashin kuma yana haɗiye taki ba ya ko gyatsa. Gonar Idrisa ce a kusa, ƙayarta tana nan. Can takin ya riƙa tafiya, da kaka Idrisa ya aiko masa da 'yan dammuna na wahalarsa. Geron Idrisa ya yi tsawon da masu wucewa ke tsayawa kallo. Bai taɓa ce wa Manu ai na faɗa maka ba, ko sau ɗaya, kuma wannan shirun ya fi ci wa Manu rai.

A damina ta biyar, yana kwasar juji a bayan katangar Balki, ya ga wani gero ya fito shi kaɗai a bakin magudanar ruwa. Wata ƙwaya ce ta kuɓuce wa kaza. Manu ya ajiye mangala ya tsuguna. Ganyen ya kai faɗin tafin hannu, gindin ya yi 'ya'ya bakwai. Ya samo ƙaya ya kewaye shi. Kullum sai ya biyo ta nan ya cire ciyawa da yatsa, ya kori awaki, ya auna shi da jikinsa: gwiwa, ƙugu, kafaɗa, har ya wuce katangar ya leƙa cikin gidan. Geron ya fitar da kai bakwai, kowace zangarniya ta fi kamu ɗaya, ƙwaya a matse ba wurin sa allura. Ko na hanyar Dawce bai kai shi ba.

Ranar da ya ga ya nuna sosai, ya koma gida ya ce wa Saratu ta yafa mayafi, ya biya ya kira Idrisa daga gona. Yana gaba suna biye, yana ta sauri, yana cewa yau za su gani da idonsu. Suka sha kwanar katangar. Ƙayar tana gefe, karan yana kwance, awakin Balki suna cin ganyen.

Balki ta leƙo da wuƙa a hannu, zangarniyoyin a cikin faifai.

"Balki, gerona fa?"

"Naka? A jikin katangata ya fito, ruwan wanke-wankena ya sha." Ta dube shi, ta dubi Saratu da Idrisa, sai ta ɗan sassauta. "Amma ni ba mai cin haƙƙi ba ce. Wanda ya noma gonar aro yana fitar wa mai gona nasa."

Ta zaɓi guda, ba babbar ba, ta miƙa masa.

Idrisa ya tuna yana da aiki a gona. Manu da Saratu suka kamo hanyar gida, ta kan hanyar Kance mai faɗi, yana riƙe da zangarniyar da hannu biyu. Sai da suka shiga gida ya ɗaga ta sama.

"Kin gani? Dubi ƙwaya. Dubi tsawo. Ban faɗa ba, Saratu? Ban ce ƙasar nan za ta yi ba?"

Saratu ta karɓa ta juya ta, ta auna nauyinta a tafin hannu. Gero ne na gaske, ba ta taɓa riƙe irinsa ba.

"Ka faɗa, Malam," ta ce, ta mayar masa. "Sa ta a rumbu. Akwai wuri."